Nomau da Sabulun Amana

A Kwarin Ɗinya akwai wani bawan Allah, Nomau, wanda duk yadda aka ba shi magana haka yake riƙe ta. Yana zaune ne da yayarsa Lantana, wadda gudawa ta kashe mata ɗa a daminar bara, ya rage mata 'ya ɗaya tilo, Uwani.

Masu bincike suka zo daga birni, wai za su gwada ko wanke hannu da sabulu zai rage ciwon. Suka koyar, suka raba sabulu mai ƙamshi gida-gida, suka nemi mai duba musu ko ana yi yadda aka tsara. Wa ke son leƙen asirin maƙwabci? Mai unguwa ya tura musu Nomau.

Wata rana shugabarsu, Malama Zulai, ta ce, "Ka sa ido kawai, kada ka ce komai." Nomau ya wuni bai amsa ko gaisuwa ba, har Lantana ta kira liman ya yi masa tofi.

Wata rana kuma ta ce, "Kada kowa ya san kana dubawa." Sai ya riƙa tsayawa a ƙofar gida yana cewa, "Salamu alaikum, an ce kada ku san ina duba ku!" Mata su ɗauko sabulu su ajiye kusa da buta, in ya wuce su mayar cikin kwalla. Abu mai ƙamshi haka, ai na kayan auren 'ya ne.

Wata rana, bayan kaka, aka tara gari. Malama Zulai ta tashi, ta ce ciwo bai ragu ba, an sake rasa yara biyu. "Kuna dai amfani da sabulun?" Kowa ya ce ƙwarai kuwa. Ta ce to, za su rubuta cewa dabarar ba ta aiki, su tattara su tafi. Lantana ta tuna ko a makon nan ciwon ya kwantar da Uwani.

Mai unguwa ya raɗa wa Nomau, "Kai ma tashi ka shaida musu mun riƙe amanarsu." Nomau ya ruga cikin gari, ya bi gida-gida ya kwaso sabulan, ya dawo da kwando a ka, ya zazzage a gaban baƙi.

"Ga amanarku, Malama. Wallahi ko takardar ɗaya ba a yaga ba."

Kunya ta rufe dattawa. Malama Zulai ta kalli tulin sabulun, sannan ta ce, "Ashe ba mu ma fara ba. Ba za mu tafi ba."

Lantana ta tsamo nata, wanda ta ɗaure da zare, ta yage takardar da haƙori.

"Yaya, na auren Uwani ne fa!" in ji Nomau.

"Ɗebo ruwa," ta ce. "Ta rayu tukuna."