Rasuwar Ɗan Dutse Mai Falle-Falle

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗacin da ya ƙi haɗiyuwa, Malama mai bincike a ɗakin gwaje-gwaje na hawa na biyu tana sanar da rasuwar ɗan dutsenta, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a tafin hannun Shugaban Sashe.

Marigayin bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ita ta haɗa shi daga garin ƙarfe da iskar oksijin, ta gasa shi a tanderu, bayan yayyensa da dama sun fito a ƙone. Jikinsa falle-falle ne kamar shafukan littafi. Idan fallayen suna da yawa, lantarki kan ratsa shi salin-alin. Idan ta ɓare shi ya koma falle ɗaya, sai ya tare hanya ƙememe, maganaɗisun cikinsa kuma ya sake jeri. Dalilin wannan sauyin hali take nema, har ta kusa kama bakin zaren. Bai taɓa ɗaga murya ba, sai dai injin sanyi da ke yi masa numfashi, cik, cik, cik.

Abu ɗaya ne ba ya jurewa: danshi. Don haka yake zaune cikin kwalba a toshe, kowa kuma ya sani. Ranar nan Malama ta kai 'yarta asibiti, manyan baƙi suka zo. Shugaba ya buɗe kwalbar, ya juye marigayin a hannunsa mai gumi don baƙi su gani da kyau. Sun yaba ƙwarai. Kafin Malama ta dawo marigayin ya yi fari fat, ya marmashe. Da ta tambaya, aka ce ai ɗan abu ne, ta gasa wani mana.

Ya rasu ya bar tanderun da ya haife shi, da kundin digirin Malama da ya tsaya a babi na huɗu, da yarinyar da ta koyi tafiya uwarta tana gadin tanderu.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da yamma, a jan bokitin shara na bayan ƙofa. Malama za ta karɓi gaisuwa a tsaye, gaban sikeli, inda take auna sabon gari. Shugaba ya aiko da uzuri: ya tafi taro a ƙasar waje, zai gabatar da sakamakon binciken da sunan kansa.