Ranar da Na Wanke Kwamfutar Yaya

Da ƙwayar cuta ta addabi kwamfutar yayana a Anka, ni na bugi ƙirji. Na ce a cire tsarin da kowa ya saba da shi, a sa Linux, kyauta ne, kuma cuta ba ta kama shi. Ilimina kuwa kaf a waya na karanto shi.

Na zauna tsakar gida, na naɗe hannun riga, aka kewaye ni. Allo ya yi wata tambaya da Turanci, na danna eh ban gama karantawa ba, don kada a ga injiniya yana kame-kame.

Kwamfuta ta tashi fes. Sai Inna ta matso ta ce, "Buɗe man in ga Luba." Luba ɗiyar Yaya ce da gubar dalma ta kashe, hotunanta nan kaɗai suke.

Na laluba ko'ina, babu. Ashe tambayar cewa take, a share komai?

Inna ta ɗauki butarta ta shige ɗaki.

Har yau, ko rediyo na taɓa, sai wani ya ce, "Ku ɗauke shi, Mai Shara ya taho."