Yadda Ake Adana Bayanan Ƙungiya a Ƙarƙashin Hatsin Gwaggo

An naɗa ka sakataren ƙungiyar manoma a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari bayananku ba za su ɓace ba. Maƙwabcina tela ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

1. Raina takarda

A taron farko ka ɗaga memori, ɗan katin wayar nan mai kamar farce, ka ce gara ba ta cinsa, ruwa ba ya ɓata shi, kuɗinsa bai kai na kaza ba. Buɗe littafin ƙungiya, ka ɗauki hoton shafin kowa da buhunan da ya zuba a sito. Tsohon littafin kuwa, bai wa mai shago ya ƙunsa sukari. Masani ba ya waiwaye.

2. Raba shi gida uku

Kwafi hotunan a kati uku. Ɗaya a aljihunka, ɗaya wurin shugaban ƙungiya, ɗaya wurin tsohuwar nan Gwaggo, wadda ba a taɓa jin ta yar da ko allura ba.

3. Kada ka gaya wa matarka

Sirrin ofis ne. Haka tela ya yi, matarsa ta wanke rigar da katin ke aljihunta, ta goge ta fes. Gaskiya ruwa bai yi wa katin komai ba. Dutsen guga ne ya narkar da shi.

4. Nemi na shugaba a gaban jama'a

Ranar rabon taki, wanda za a yi gwargwadon buhunan kowa, har mai buhu ɗaya ya rantse goma ya zuba. Tela ya sa katin shugaba a waya, ya ƙure murya don kowa ya shaida, sai ga waƙar soyayya ta cika rumfa. Shugaba ya gyara hula, ya ce ai wasu hotunan takardu ne suka cinye masa wuri, ya share su. Kada ka yi dariya. Gumi ma ya ishe ka.

5. Lallaɓi Gwaggo

Ita ta naɗe nata a tsumma, ta sa a gwangwani, ta ajiye a gindin rumbu, aka zuba hatsin bana a kai. Tela ya durƙusa yana roƙo. Ta ce, "Ɗan nan, ɓoyewa ka ce in yi, ba fitarwa ba. Ku dawo in mun cinye."

6. Sa jama'a aiki

Faɗa musu babu taki sai an ga gindin rumbu. Manoma suka tuɓe riguna suna kwasa, Gwaggo na zaune a kujera tana faɗa a kan kowace ƙwayar da ta zube. Aka fito da gwangwani, aka sa katin a waya. Ga sunan kowa, ga buhunansa. Masu rantsuwa suka tuna suna da uzuri a gida.

7. Karɓi sakamakonka

Nan take aka tabbatar da tela sakatare har iya rayuwarsa, ba albashi. Kowa ya saɓa takinsa ya tafi, aka bar shi shi kaɗai da tulin hatsi, Gwaggo ta miƙo masa kwando.

Gargaɗi: mai wannan shawara ba ruwansa da ciwon baya, fushin shugaba ko rigar da ta huje. In hadari ya taso kafin ka gama mayar da hatsin, ban san ka ba.