Ranar da Na Dafa Ganyen Nonna

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a wani ƙauyen Italiya ba, ko da na so in manta, don abin da na tafka a ranar ya riga ni dawowa Jidda.

Ni haifaffiyar unguwar Hindawiyya ce a Jidda, nan na yi aure, nan na aurar. Sanyin da na sani a duniya shi ne na mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, wanda in ya ishe ka sai ka miƙa hannu ka kashe abinka. To autata Ruƙayya aure ya kai ta Italiya. Mijinta Sani yana aiki a wani gidan tatsar man zaitun can cikin duwatsu, suna haya a rabin wani tsohon gida, mai gidan tana ɗaya rabin, zaure ɗaya suke shiga. Da Ruƙayya ta haihu na ce ko ana ha-maza ha-mata sai na je na yi mata wankan jego da hannuna. Bizar da aka ba ni gajera ce, ba za ta kai ni arba'in ba, na ce halas, abin da ya samu.

Na sauka a lokacin da su suke cewa wai sanyi ya wuce. Ya Laɗif! Itatuwa sun fara fure, tsofaffi sun fito da 'yar riga ɗaya suna rage rassan zaitun a gonaki, ni kuwa safa kan safa, rigar sanyin Sani, abaya a sama, bargo a kan abaya. (Ruƙayya ta ɗauke ni hoto a haka. Na gaya mata duk ranar da hoton nan ya shiga wayar dangi, ni da ita ne.)

Amma ba sanyin ne ya fi damuna ba, ganye ne. Da hannuna na tsinko darbejiya a bakin titinmu, na shanya, na ƙulle a leda. Ina sauka ma'aikacin filin jirgi ya ɗaga ledar, ya shinshina, ya dube ni, ya jefa ta a kwandon shara. Sai na koma ina yi wa 'yata wanka da ruwan zafi zalla, raina yana ɓaci kullum. Wankan jego ba ganye ai wanka ne kawai, wannan ko ita kaɗai ta iya.

Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar firit, kowa a ƙauyen Nonna yake ce mata, wato kaka. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna birni. Ita ta tuƙa Ruƙayya zuwa asibiti ranar naƙuda, Sani yana wurin aiki. Tun ranar da na sauka Ruƙayya ta ja min kunne.

"Ummi, don Allah ki bi matar nan a hankali. In kika tafi, ita kaɗai gare ni a garin nan."

"Ni za ki koya wa zama da maƙwabta?" na ce. "Ni da na zauna da Yamalawa da Misirawa da 'yan Indonesiya a bene ɗaya, ba a taɓa jin kanmu ba?"

Ku riƙe wannan cika bakin, za ku ga inda ya kai ni.

Nonna tana da wani hali. Ba ta ƙwanƙwasa ƙofa. Da safe in ka fito zaure sai ka tarar ta ajiye abu a kan benci: yau ƙwai, gobe wani ganye mai ɗaci da ta tsinto a daji, jibi itacen hura wuta. Ni da ita ba mu da yare sai hannu, amma hira muke sha sosai. Har kukan ganyen na kai mata. Na nuna mata itace, na nuna ɗakin Ruƙayya, na yi ta faɗa wa bayana hannu. Ta gyaɗa kai tana murmushi. Na koma ciki na ce wa Ruƙayya, "Matar nan ta fi ki gane magana."

Ranar Asabar ɗin na fito da sassafe, sai ga wani ƙaton kwando a kan benci. (In za a bi gaskiya, ya fi kusa da ƙofarta. Amma wa ke awo da sanyin safiya?) Na leƙa, sai ga rassan zaitun ɗanyu shar, an ɗaɗɗaure su dami-dami daidai cikin hannu, kowanne da ɗan siririn farin ƙyalle. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ce dubi baiwar Allah nan, ba darbejiya a ƙasarsu, ta nemo min abin da take da shi, har da ado.

Ban yi wata-wata ba. Na jawo ƙatuwar tukunyar da suke dafa tumatir a ciki, na hura wuta a bayan gida, na kwance ƙyallayen nan ɗaya bayan ɗaya na ninke, na juye ganyen. Duka. Ni dama ba a san ni da ƙaramin hannu ba, shinkafar mutum uku in na dafa sai maƙwabta sun ci. Ruwa ya tafasa ya yi duhu, ƙamshi ya tashi. Ranar Ruƙayya ta sha wanka na gaske, tana ihu ina cewa yalla, juyo.

"Ummi, ina kika samo wannan?" ta tambaya tana haki.

"Nonna ce ta aiko."

Ta buɗe baki za ta ƙara tambaya, sai jariri ya tsala kuka, maganar ta bi iska.

To mu ba a koya mana mayar da kwano fanko ba. Na zuba dabinon da na zo da shi a kwandon, na jera ƙyallayen a sama tunda za su yi mata wani amfanin, na gyara mayafi na nufi ƙofarta. Tun daga zaure nake jin hayaniya. Na tura ƙofa, sai ga mata huɗu tsaitsaye, da wani dattijo cikin baƙaƙen kaya, fadan cocinsu ke nan. Nonna tana tsakiya hannu a ka, ɗaya daga cikin matan har ta durƙusa tana leƙen ƙarƙashin tebur. Ni kuwa na shigo da fara'ata har kunne, na dire kwando a gabansu, na dafa ƙirji, na faɗi kalma ɗaya da na iya ta godiya. Da ƙarfi na faɗe ta, har sau biyu.

Nonna ta dubi kwandon, ta ɗauki ƙyalle ɗaya, ta dube ni. Ni ma don in ƙara bayani (Allah Ya yafe min) sai na shiga juya hannu kamar mai tuƙa tuwo, ina nuna bayan gida inda hayaƙi ke tashi.

Ana haka Ruƙayya ta shigo da jariri a kafaɗa. Suka yi magana da Nonna a gurguje, na ga fuskar 'yata ta canza.

"Ummi, kin kashe ni," ta ce da Larabci. "Gobe Lahadinsu ce babba, wadda kowa yake riƙe reshen zaitun ya shiga coci da shi. Na duk ƙauyen ne wannan. Daga itatuwan mijinta take yankowa kowace shekara tun yana raye. Jiya wuni ta yi tana ɗaurawa."

Jama'a, ni da nake kukan sanyi, a take gumi ya karyo min har cikin safa. Da ƙasar nan ta tsage da na shige ban waiwayo ba. Kunya daban, amma abin da ya fi cin raina hawayen da na gani a idon Ruƙayya. Na zo in gyara mata jiki, ga shi zan tafi in bar ta da maƙwabciyar da ba za ta ƙara kallonta ba.

Nonna ta fita, muka bi ta a baya kamar an kama ɓarauniya, har da fada. Ta tsaya a kan tukunya, ta sa itace ta ɗago wani reshe da ya yi laushi ya koma baƙi. Ta tambayi Ruƙayya me ake yi da shi. Ruƙayya ta yi mata bayani tana sharar hawaye: ruwan zafi, ganye, mai jego, safe da yamma. Nonna ta sake duban tukunyar, ta dubi safata biyu da bargona. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda sai da ta nemi dutse ta zauna. Matan suka kama. Fada ya juya baya yana tari.

Da ta lafa sai ta shiga ciki ta fito da almakashin yankan reshe, ta danƙa min, ta nuna min tsani. Wannan kam ban nemi tafinta ba. Ni Hajiya guda, mai jikoki, haka na wuni a gonar zaitun iska tana kaɗa min abaya, ina yanka tana ɗaurawa, in na yanko wanda bai yi mata ba ta bugi tsanin. Duk wanda ya wuce a hanya sai ya tsaya a ba shi labari, ya ɗago min hannu. Kafin la'asar ba wanda bai san ni ba a ƙauyen nan.

Washegari da ta dawo daga coci ta shigo ɗakinmu, karo na farko, ta naɗe hannun riga ta ce a nuna mata yadda ake yi. Ta sa yatsa a ruwan, ta zabura, ta yi min faɗa da yarensu na yi mata da namu. Da bizata ta ƙare na bar Ruƙayya a hannunta, ita ta ƙarasa mata wankan har arba'in. Na yi kuka a jirgi, amma hankalina kwance.

Sai da na iso gida Ruƙayya ta kira ni take cewa, "Ummi, wallahi hannun Nonna ya fi naki taushi, kuma ita tana sirka ruwan." Kun ji sakayyar 'ya'yan zamani.

Yanzu ko a ƙofar ɗakina na tarar da kwano, sai na zagaya benen nan kaf na tambayi mai shi kafin in buɗe. Godiya kuwa na daina gaggawar yin ta, sai na tabbata ni aka ba.