Ranar da Na Kwashe wa Mama Saratu Mutane

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tashi na bar tsohuwa tana tsakiyar magana ba, har da murmushina, wai ni nan ina koya wa mutane 'yanci.

Lokacin ina aiki da wata 'yar ƙungiya mai sasanta unguwanni a kudancin garin Kaduna. Aka tura ni bita ta kwana uku, na dawo da kwalaye da alƙaluma kala-kala, kaina ya yi girma (kwana uku fa, amma har gaisuwata sai da ta canja). Abin da aka koya mana taro ne marar babban tebur, marar shugaba. Duk mai magana ya rubuta ta ya manna a bango, ya kama kusurwa, masu so su same shi can. Wanda ya ga ba ya ƙaruwa ya tashi ya koma wani rukunin, ba mai jin haushi.

Muka tara mutanen Unguwar Mu'azu da na Unguwar Boro a wata firamare. Yawancinsu tsofaffin maƙwabta ne da rikicin shekarun baya ya raba, Kirista suka yi nan, Musulmi suka yi can. Na tsaya a tsakiya na buɗe murya: "Jama'a, taron nan kasuwa ce! Kowa ya baje kayansa. In kaya ba su yi maka ba, wuce gaba." Aka yi dariya, ni kuwa sai wani daɗi nake ji.

Wata dattijuwa daga Unguwar Boro, Mama Saratu, ta miƙo mini takardarta in rubuta mata.

"Me za a sa, Mama?"

"Ka sa tambaya kawai, ɗana."

Na rubuta. Ban ce mata wace tambaya ba, hankalina yana kan ko takardun sun miƙe a bango.

Mutum goma sha wani abu suka zauna gabanta, da ni a ciki, da Malam Idi, tsohon tela mai shago a layin da ta taɓa zama. Mama ta fara gaishe su ɗaya bayan ɗaya, da iyali da jikoki. Ta tuna musu famfon layin da ba ya kawo ruwa sai ya ga dama. Ta tuna yadda Malam Idi ya ɗinka wa ɗanta Bulus kayan makaranta, ya saki wandon har ƙwauri don ya yi masa shekara uku. Ni duk wannan a sama nake jin sa. Abin da ke ci mini rai shi ne an fi rabin awa ba wanda ya motsa daga rukuninsa. Na sani sarai mutanenmu ba sa tashi babba na magana (da mahaifiyata ta gan ni, da kunnena ya sha murɗa), amma na ce bari in yi musu gwaji.

Na miƙe, na kakkaɓe wando, na ce da ƙarfi, "Kun gani? Na tashi, kuma Mama ba ta ji haushi ba. Ko ba haka ba, Mama?"

Ta dube ni. "Haka ne, ɗana."

Na wuce wurin masu maganar gyaran kwata. Sai na ji ƙarar benci a bayana. Ashe a wurinsu, in mai taro ya tashi, zama ya ƙare. Kafin minti biyu duk sun watse. Ni da na ga haka har hoto na ɗauka, don in sa a rahoto cewa dabarata ta yi aiki.

Da na zagayo, na same ta ita kaɗai a bencin yara, jakarta a kan cinya.

"Mama, har an gama?"

"Kayana ne ba su yi kasuwa ba, ɗana."

Sannan ta gaya mini. Bulus ya fita sayo burodi da safen da rikici ya tashi, bai dawo ba. "Ba na neman a kama kowa," in ji ta. "So nake a nuna mini inda aka sa shi, kafin ni ma a sa ni. Ɗazu saura kaɗan in kai ga tambayar. Ai ba a yi wa maƙwabci irin tambayar nan ba a gaishe shi ba."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Na fita neman Malam Idi, aka ce ya riga ya tafi. Na ce gobe zan same shi. Goben ta zama sati uku, don sai da na gama rahoto.

Da na je shagonsa, ya dakatar da keken ɗinkinsa. Ya ce, "Tun shigowarta na san abin da ya kawo ta. Mu huɗu muka ɗauke yaron daga titi muka rufe shi. Ni kaɗai na rage. Ina zaune ina roƙon Allah Ya ba ni ƙarfin faɗa mata, sai ka tashi ka ce ba laifi. Wallahi, Malam, hanya na samu."

Washegari muka shiga keke napep tare zuwa Unguwar Boro. Ƙofarta a kulle. Maƙwabciyarta ta ce jiki ya tsananta, 'yarta ta mayar da ita ƙauye, kuma ran Lahadin da ta wuce aka yi jana'iza. Malam Idi ya zauna a dandamalin ƙofar ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin dattijo ya yi ba.

Har yanzu ina shirya taro, kuma har yanzu ina gaya wa mahalarta kowa yana da ikon tashi duk lokacin da ya so. Abin da na gano a makare shi ne, akwai mutum ɗaya a ɗakin da ba shi da wannan ikon, wato ni.