Tukunyar da Ba Tawa Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata baƙar tukunya ba, wadda ta zauna a kicin ɗinmu na unguwar Aziziyya, a ƙasa mai tsarki, a shekarun da Sinawa suka fara yawa a yankin da ake kira Madinar Masana'antu.

'Yata ta fari (har yau ba na iya kama sunanta) ta daɗe da aure ba haihuwa. Jikinta ya yi nauyi, likita kuma ya ce sukarinta yana neman hawa. Iyakar abin da aka gaya mini ke nan. Cewa wasu ƙananan ƙululai ne suka taru a ma'ajiyar ƙwanta suka rikita mata al'ada, wannan an bar shi tsakanin mata, domin ba a faɗa wa uba irin haka.

Mijinta Abdulƙadir yana aiki da wani injiniya Basine, wanda matarsa ta san maganin gargajiyarsu. Ita ta haɗa saiwoyi da ɓawo daga ɗan guzurin da ta zo da shi daga ƙasarsu, aka kawo gidanmu domin matata Hajiya ta riƙa dafa wa yarinyar. Da na tambayi Hajiya na mene ne, sai ta kau da kai ta ce, "Na sukari ne da ƙiba, Malam."

To, ni ma ina da sukari, tumbi kuwa ba a magana. Na tabbatar babu giya ko wani haram a ciki, sannan na yi ƙiyasi irin na ɗaliban fiƙihu: illa ɗaya, hukunci ɗaya. Kullum bayan Asuba sai in tsiyayi kofi, in mayar da ruwa a madadinsa (a ganina adalci ke nan). Har na yaba shi a majalisarmu ta unguwar Bab Makka, na ce jikina ya yi sakayau.

Ran nan matar injiniyan ta zo dubiya, Abdulƙadir ne tafinta. Ta riƙe wuyan hannun yarinyar tana bin bugun jini, ta duba harshenta, ta ɗanɗana ruwan tukunyar, sai ta ɓata fuska. Ta ce an tsinka maganin, ga saiwoyin sun kusa ƙarewa, kuma babu wasu sai mijinta ya je hutu. Hajiya ta shiga rantsuwa. Idon 'yata ya ciko.

Nan na gyara murya na yi bayanin ƙiyasina dalla-dalla. Ban gane dalilin da Hajiya ta rufe fuska da mayafi ba. Matar ta ce in fito da harshe. Da rawanina da furfurata na fito da shi. Ta duba, ta faɗi wata magana, dariya ta ƙwace mata.

Abdulƙadir ya sunkuyar da kai, ya ƙi fassarawa. Na ce ya faɗa, babu kunya a neman ilmi.

"Baba... ya'ani... wai tana tambaya, ko al'adar ta zo?"

Har ga Allah sai da na tambaye shi al'adar wa.

Da ɗan abin da ya rage matar ta sake haɗawa, ta ce a ci gaba da ƙwayoyin asibiti. Hajiya ta ɗauke tukunyar zuwa ɗakinta. Da jikana ya zo daga baya, ban san ko na asibiti ne ya yi aiki ba, ko na Sin, ko addu'a. Na dai san ba gudummawata ba ce.

Na shekara da shekaru ina karantar da babin haila ga 'ya'yan mutane. Yanzu idan Hajiya ta kau da kai kafin ta amsa mini, nakan san akwai sharhin da ba a karanta mini ba, sai in ajiye kofina.