Ɗakin Duhu na Fot ɗin Kumasi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka Baba Idi kallon Fot ba, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawa ba. Har yanzu in mota ta bi da ni ta gefen ginin nan, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A ƙarshen shekarar 1969 ne, lokacin da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da izinin zama ya bar Gana. Zango, unguwarmu ta Hausawa da baƙi a Kumasi, ta rikice. Kullum sai ka ga manyan motoci sun cika da tabarmi da tukwane da yara, an nufi arewa. 'Yan sanda na tare mutane a hanya, kuma babbar riga da hula kaɗai sun isa a tsayar da kai a tambaye ka daga inda ka fito. Ni a Zango aka haife ni, ubana mutumin Salaga ne ta arewacin Gana, don haka dokar ba ta shafe ni ba. Wannan ya sa nake yawo ina buɗa kafaɗa, ina ba mutane haƙuri da murya irin ta wanda gidansa bai kama da wuta ba.

A lokacin ina aikin kafinta a unguwar Anloga, kuma ina neman auren Memuna, 'yar Baba Idi. Baba Idi mutumin Tawa ne ta ƙasar Nijar, ya zo Kumasi tun yana saurayi, ya tsufa yana sayar da goro. Bai samu izinin zama ba, wa'adin da aka ba baƙi ya wuce, ya fara ɗaure kaya a ɓoye. Abu ɗaya ya rage bai yanke ba: ya tafi da Memuna, ko ya ɗaura mana aure ya bar ta a hannuna. Ita dai tana son zama, ga keken ɗinkinta, ga masu kawo mata aiki, ga ni (a wannan jerin ni ne na ƙarshe, amma ina ciki). Shi kuma tsohon yana ta kallona yana aunawa, ni kuwa ina ta cika baki. Na sha gaya masa cewa muddin ina numfashi babu mai taɓa 'yarsa, ko soja ko ɗan sanda.

Wata safiya ya aiko a kira ni. Na same shi zaune a kan buhunan da aka ɗaure.

Ya ce, "Ɗana, so nike ka kai ni in ga cikin Fot kahin in tahi. Ubana ya yi soja wurin nan zamanin Turawa, ya ba mu labarinshi tun muna yara. Na tsuhwa ina wucewa ta ƙofar, ban taɓa shiga ba."

Fot wani tsohon gidan yaƙi ne na jan bulo da Turawan Ingila suka gina a tsakiyar gari, daga baya aka mai da shi wurin ajiye kayan tarihin soja. Sojoji ne ke gadinsa, su ne kuma ke zagayawa da masu kallo. Mai hankali zai ce wa tsohon da ba shi da izinin zama ya haƙura da zuwa wurin sojoji a irin wannan lokaci. Ni kuwa dama na gani ta nuna kaina.

Na ce, "Baba, ai wannan ƙaramin abu ne. Sojojin wurin duk sun san ni." (Ko ɗaya bai san ni ba. Ni ma ban taɓa shiga ba.)

Na sa wandon Turawa da farar taguwa, na shafe kai da mai, muka tafi. A ƙofa muka tarar da wasu masu kallon: wani Bature da matarsa, da 'yan mata 'yan kwalejin malamai cikin kayan makaranta. Aka haɗa mu da wani saje dogo mai tsage a kumatu, ya shige gaba yana bayani da Turanci.

Gaskiya wurin ya ba ni mamaki. Kaurin bango kaɗai ya isa mutum ya kwanta a kai. Ga igwa a tsakar gida bakinta ya isa yaro ya cusa kai, ga bindigogi jere, ga tutoci da suka koɗe, ga hotunan sojoji baƙaƙe da jajayen huluna sun ƙame babu mai murmushi. Baba Idi ya daɗe a gaban hotunan nan yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Bai ga ubansa ba, amma na ga yana share ido da bakin rawaninsa.

Ni kuwa ban bar shi ya ji da abin da ke ransa ba. Saje na bayani a gaba, ni ina nawa a baya. Abin da na ji in fassara, abin da ban ji ba in ƙirƙira. Na gaya masa nisan da igwa ke harbi, na gaya masa inda aka sassaro katakon rufi, har da yadda da ni ne da na gyara matakalar bene. 'Yan matan kwaleji suna waiwayowa suna kallona, ni kuma na ɗauka burge su nake yi.

Daga ƙarshe aka kai mu wani ɗan ɗaki a ƙasa, inda Turawa ke kulle fursunoni. Babu taga, sai wari irin na tsohuwar rijiya. Muka shiga duka muka cunkushe. Saje ya tsaya a bakin ƙofa yana faɗar wani abu, kowa na gyaɗa kai. Ni ban ji ko kalma ɗaya ba, domin a daidai lokacin ina nuna wa Baba Idi ƙofar ina cewa, "Baba, ka ga wannan? Da ni suka kulle a nan, kafin asuba na cire ta. Kafinta ba ya kwana a bayan ƙofa."

Ban rufe baki ba saje ya ja ƙofar daga waje. Na ji ƙarar sakata.

Ban taɓa ganin duhu irin wannan ba. Na ɗaga hannu gaban fuskata ban ga komai ba. Nan take duk labaran da ake yi a Zango suka faɗo mini a kai: waɗanda aka kama a kasuwa, waɗanda aka tsare a caji ofis, waɗanda aka loda a mota aka kai iyaka ba su ko yi sallama da iyali ba. Zuciyata ta ce mini tarko ne, sun ga rawanin tsohon nan tun daga ƙofa, yanzu za a haɗa da ni. (Ban tsaya na tambayi kaina me zai sa a kori Bature da matarsa zuwa Nijar ba.) Sai na ji wani hannu ya kama wuyan hannuna yana ja na baya. Na fizge da ƙarfi, na tuttura mutane, na isa ƙofa na fara dukanta da hannu biyu.

Da a ce kuka kawai na yi, da yau labarin dariya nake ba ku. Amma magana na yi, da Tonanci, wato yaren Asante, da dukan muryar da Allah ya ba ni.

"Ranka ya daɗe, don Allah ku buɗe! Ni ɗan ƙasa ne, a Kumasi aka haife ni. Tsohon nan ne baƙo, mutumin Nijar ne, ba shi da izini. Ni rako shi kawai na yi, ba ɗan'uwana ba ne."

Da farko 'yan matan sun fara ƙyalƙyala dariya. Da na kai ƙarshe, ɗakin ya yi tsit.

Ƙofa ta buɗe, haske ya shigo. Ashe abin da saje ya faɗa shi ne zai rufe mu na ɗan lokaci don mu ɗanɗana abin da fursunoni suka sha, kuma haka yake yi wa duk masu kallo. Na tsinci kaina a durƙushe, takalmina ɗaya ya fita, yatsana a miƙe ina nuna bayana. A cikin duhun ma nuni nake yi. Bature yana tambayar matarsa abin da ya faru, 'yan matan kuwa sun ji komai, suna kallona baki buɗe.

Sai a lokacin na gane girman abin da na yi. Na tona asirin tsoho a gaban soja mai kaki, a makon da ake kama mutane. Na ɗaga kai na dubi saje, wannan karon ba don kaina nake jin tsoro ba.

Saje ya dube ni, ya dubi Baba Idi. Sai ya yi magana da Hausa irin ta bariki.

"Kai, wanene ya kama ka? Ni tarihi nake nunawa, ban tambayi takarda na kowa ba." Ya juya ga tsohon ya sassauta murya. "Baba, yi haƙuri. Ni ban ji komai ba kuraa, ko kaɗan. Wannan yaronka ne?"

Baba Idi ya gyara rawaninsa, ya ce, "Maƙwabci ne."

Muka fito. Ina bin sa a baya ina ɗingishi, ina lallashin kaina cewa wataƙila bai gane abin da na faɗa ba, tunda ban taɓa jin ya yi Tonanci ba. (Mutumin da ya tsufa yana sayen goro a hannun Asante. Ku dubi irin wautata.) Muka wuce kasuwa muka shiga Zango. A gindin wani bango kusa da masallaci ya tsaya.

Ya ce, "Ni ma na ji tsoro, ɗana. Na ɗauka kamu ne. Shi ya sa na jawo hannunka, in ce maka in sun tambaya ka ce ba ka san ni ba, kada ka shiga wahala sabili da ni. Sai ka riga ni."

Na dafa bangon.

Ya ce, "Ban riƙe ka ba. Tsoro ba a sayenshi, zuwa yakai. Amma ka hwaɗa mini gaskiya. Da Memuna ce cikin ɗakin nan, wa za ka nuna?"

Na so in rantse cewa da ita ce da na tsaya. Amma na sha yi masa irin wannan rantsuwar, kuma ya ga inda ta ƙare. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙafata. Ya jira, ya jira, sannan ya yi mini sallama ya shige gida.

Bai gaya wa kowa ba, ko ita. Ranar da motarsu za ta tashi na je na taya ɗaura kaya, ni na ɗaure keken ɗinkin Memuna da hannuna don kada ya fashe a hanya. Ta tsaya kusa da ni idanunta jawur, ta ce, "Me ya faru a Fot? Baba ya fita yana sonka, ya dawo ya ce in haɗa kaya." Na ce mata igiyar nan ba ta ɗauru da kyau ba, bari in sake. Ina ta sake ɗaurin igiya har direba ya tayar da mota. Ban ƙara ganinta ba, kuma na yi kuka ranar, kukan da ba ni da wanda zan ɗora wa laifinsa.

Tun daga lokacin, in ana hirar jarumta a majalisa, ni nake zuba wa mutane shayi. Na koyi cewa duk abin da na faɗa game da kaina da rana tsaka, ƙofa a buɗe, zato ne kawai. Yanzu ni ma ina da 'ya'ya mata, kuma samari na zuwa suna gaya mini cewa muddin suna numfashi babu mai taɓa su. Sau da yawa nakan ji kamar in ɗauki ɗaya in kai shi Fot a rufe mana ƙofa, in ji abin da zai fito daga bakinsa. Abin da ke hana ni shi ne dole ni ma in shiga ɗakin, kuma har yau ban tabbatar da wanda zai riga wani yin magana ba.